Harshe Ashirin

A Sabon Gari, bayan layin masu gyaran rediyo,
inda kwata ke ratsa gaban rumfar Jatau mai agogo,
na kwance hankici a kan teburinsa:
harmonikar babana ce, gadin jirgin ƙasa,
ta je Kano, ta je Kafanchan a aljihun kakinsa.

Na ce, rami na huɗu ya shaƙe.
In na zuƙa sai ta turje
kamar akuyar da aka ja bakin rafi.

Bai tanka ba. Ya maƙala gilashi a ido ɗaya,
ya warware sukurori, ya tara a murfin kwalba,
ya ɗaga marfi. Ga su kwance a jere,
harsunan tagulla ashirin,
goma na hurawa, goma na zuƙa,
kowanne da kanwar yawun wanda ya riga mu.

Da bakin allura ya zaro abin da ya tokare.
Silin gashin baki ne, fari fat.
Na karɓa a tafin hannu,
na rasa aljihun da zan sa shi.

Sai na ce, Malam, da sauran magana.
Akwai waƙar da Inna ke yi a kan dutsen niƙa,
tana da wata gaɓa da murya ke sauka
kamar ƙafa a matakalar soro.
Wanda ya ƙera wannan a ƙasarsu
bai taɓa jin gero na kuka a ƙarƙashin dutse ba,
bai bar wa gaɓar nan rami ba.
Shekara talatin Baba na tsallake ta
yadda ake tsallake kududdufi da fararen kaya.

Jatau ya ce, ana iyawa.
Ka kankare kan harshe, murya ta hau,
ka kankare gindi, ta sauko.
Amma abin da magagari ya ci, ba ya amayarwa.

Ya jawo durowa. Uku ne a ciki, duk aikinsa.
Wannan ta mawaƙan cocin Wusasa ce, ranar Asabar za su zo.
Wannan na saita ta ta bi bayan gurmi,
mai ita na bina canji.
Wannan kuwa wani ɗalibin Kongo ne ya ba da rabi,
damina huɗu ke nan, ko sallama.
Zaɓi, in ji shi. Ko mu taɓa ta tsoho.

Na daɗe ina juya ta Baba.
Gefen da babban yatsansa ya cinye fenti
ya yi daidai da nawa.
Na tura masa ta ɗalibin.

To rera, in ji Jatau.
Ni da furfurata, a tsakiyar kasuwa,
'yan acaɓa na hon, mai awara ta juyo tana kallo,
na rera waƙar niƙa da muryar da ba ta saba ba.
Ya zura reza ƙarƙashin harshe na uku,
ya ja magagari sau biyu, ya hure,
ya ɗana da farce, ya kai kunne.
Sake. Na sake.
Aka ɗauke wuta, bai ko ɗaga kai ba.
Ƙurar tagullar da ta zuba
ba ta kai abin da tururuwa za ta ɗauka ba.
Ana kiran la'asar ya miƙo min.

Na hura.
Ga Inna a durƙushe, zani ɗaure a ƙirji,
ga gaɓar, ta sauka daram.
Mai awara ta ce, wannan ai ta garinmu ce.

Da dare a Tudun Jukun na jera su a tabarma.
Sabuwar ta kai waƙar har gida, ba tuntuɓe.
Na ɗauki ta Baba, na bi ta a hankali,
na iso wurin da babu rami,
na yi shiru kamar yadda yake yi,
sai na ji ƙirjina ya cika da iska.
Ashe a nan yake numfasawa.